Mikonos ko Rodos? Shawara nake nema kafin maigida ya yanki tikiti

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana muke cika shekara goma da aure, Baban Hanif ya ce in zaɓi inda za mu je mu huta na mako ɗaya, mu biyu, yara a kai su wajen Hajiya. Ni dai tun da na fara ganin hotunan fararen gidajen nan na tsibiran Girka raina ya biya. Wani abokinsa ya ce mu tafi Mikonos, da na leƙa bidiyoyin wurin kuwa ban ga komai ba sai kiɗa da tsalle a bakin teku tun daga la'asar. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa ku gaya mini gaskiya. Me ake ci a can? Mai hijabi za ta iya zama a bakin ruwa ba tare da an zuba mata ido ba? Da dare ina ake zuwa in ba gidan rawa ba? Kuma akwai abin tsaraba na kirki?

Baffa Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara danƙon zama, 'yata. Ki cire Mikonos daga lissafi. Abin da kika gani a bidiyo shi ake sayarwa a can, kuma da tsadar gaske. Ku tafi Rodos. Sau uku ina zuwa daga nan Hamburg da iyalina. Tsibiri ne babba, tsawonsa ya kusa kilomita 80, saboda haka masu shagalinsu suna gefe guda, ke ma kina naki gefen. Uwa uba akwai masallacin da ake Juma'a a cikin tsohon gari, Masallacin Ibrahim Pasha, tun 1540 yake tsaye.

Malam Tanko: Alhaji Sani, da girmanka. Ni a ganina kuɗin nan in an yi Umra da shi ya fi. Me ya kai matar aure bakin tekun Turawa, inda tsiraici ne ado? Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Maman Hanif: Malam, Allah ya saka da alheri. Mun yi Umra bara, in sha Allahu kuma za mu sake. Wannan alkawari ne ya daɗe da yi mini.

Anti Rabi: Malam Tanko, ka yi haƙuri in ɗan saɓa maka. Maganar tsiraici gaskiya ce, ba wanda zai ɓoye. Amma bakin teku ba ɗaya ba ne, lokaci ma ba ɗaya ba ne. Na je Rodos da 'ya'yana mata biyu daga Manchester, muka sauka a Pefkos, kusa da Lindos. Da mun yi asuba mun ɗan kwanta, ƙarfe bakwai muna bakin ruwa. A wannan lokacin ba kowa sai tsofaffin Girkawa masu iyon safe. Mukan yi wankanmu da rigar iyo mai rufe jiki ruf, wadda ake kira burkini, kafin sha ɗaya da masu shanya jiki a rana za su cika wurin mun koma masauki. A kwana takwas ba wanda ya ce mana uffan. Kallo kam akwai, musamman daga baƙi 'yan uwanmu, su 'yan ƙasa ba ruwansu. Wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya da ɗankwali ma har ta riƙa yi mini murmushi, ita ma kanta a rufe yake.

Malam Tanko: To ita ta tsare kanta. Idon maigidan fa?

Baffa Sani: Malam, idon maigida ai ko a wayar da ke hannunsa yana buƙatar tsaro. Amma na yarda da kai a abu ɗaya: wanda ya san kansa, kada ya kai kansa Faliraki a watan Agusta ya ce tsautsayi ne.

Maman Hanif: Mene ne kuma Faliraki, Baffa?

Auwal: Anti, bari ni in amsa wannan, mun je da abokan karatu lokacin hutu. Gari ne a gabashin tsibirin, tafiyar kamar minti ashirin daga birnin Rodos. Akwai layuka biyu da mashaya da gidajen rawa suka jeru reras, samarin Ingila da na wasu ƙasashen Turai ne ke cika su, ba a fara harka sai sha ɗayan dare, a kai har asuba. Masu kiran ciniki suna tsaye a bakin ƙofa suna jan mutane kamar 'yan kamasho a tasha. Ni lemo kawai na sha, kada Malam ya yi mini fassara. A kudancin garin kuma akwai wani ɗan lungun bakin teku da aka ware wa masu wanka zindir, kada ku bi taswira ido rufe ku faɗa can. A cikin birnin ma akwai layin Orfanidu, shi ma na mashaya ne. In otal ɗin da kuka gani mai araha yana kusa da ɗayan wuraren nan, to arahar tana da dalili, ba za ku runtsa ba.

Malam Tanko: Kun ji ko? Yaro ya faɗa da bakinsa.

Baffa Sani: Ya faɗi layi uku a tsibirin da mutum fiye da dubu ɗari ke zaune. Malam, wanda ya sauka Kano aka zarce da shi wasu layukan Sabon Gari da tsakar dare, in ya koma gida ya ce ya ga Kano, ka yarda? Daren Girkawa na ainihi cin abinci ne da hira. Ba sa zama cin abincin dare sai tara ko goma, da kakanni da jarirai a keken turawa, a zauna awa biyu ko uku a kan tebur ɗaya, ba mai korar ka. Kafin nan kuma sai a fita tattaki. 'Yata, ga yadda nake yi: in an yi magariba, wadda a Yuli sai bayan takwas, a tsakiyar Satumba kuma bayan bakwai kaɗan, sai mu bi tashar ruwa ta Mandraki, inda barewar tagulla biyu ke tsaye a kan ginshiƙai a bakin mashigar, mu shiga tsohon gari ta ƙofar ganuwa. An haska ganuwar da fitilu, lunguna ƙanana shimfiɗe da duwatsu, mota ba ta yawo a yawancinsu. Ni duk lokacin da na shiga sai na tuna ganuwarmu da muka bari tana zubewa, amma wannan wata magana ce. Tun 1988 UNESCO ta sa garin a cikin kayan tarihin duniya.

Isufu Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga kowa daga Beljiyam. Ina so in ƙara a kan maganar masallaci, don abin ya ba ni mamaki da na je. Mayaƙan Kirista da ake kira jaruman Yahaya mai tsarki su suka riƙe tsibirin fiye da shekara 200, su suka gina ganuwar da Baffa ke faɗa. A 1522 Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya yi musu ƙawanya wata shida har suka miƙa wuya suka fice, daga baya suka zauna a Malta. Turkawa suka mulki wurin kusan shekara 400, sai Italiya ta ƙwace a 1912. Nan ne sirrin yake. Da aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, aka kwashe Musulmin Kirit da na sauran tsibirai aka kai Turkiyya, Rodos da Kos suna hannun Italiya, saboda haka yarjejeniyar ba ta hau kansu ba. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, a 1947, aka ba Girka tsibiran. Jikokin waɗancan Musulmin ne na yi Juma'a da su. Ba su da yawa, sahu kaɗan ne, yawanci dattawa, sai baƙi irina.

Maman Hanif: Ikon Allah. Shi ne jan masallacin nan da nake gani a hotuna?

Isufu Ɗan Damagaram: A'a Hajiya, wannan na Sulaiman ne, a saman layin kasuwa. Yanzu na kallo ne, ba a salloli biyar a ciki. Daura da shi akwai ɗakin karatu na Hafiz Ahmed Agha da aka kafa a 1793, akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu. Na Ibrahim Pasha yana cikin lungu, sai kin tambaya. Malam Tanko, da kai ne ka shiga ɗakin karatun nan, sai an fito da kai da ƙyar.

Malam Tanko: Wannan kam ban sani ba, na ƙaru. Amma ku zo mu yi maganar ciki. Me za su ci?

Anti Rabi: Yauwa, nan ne gizo ke saƙa. Ƙanwata ki saurara da kyau. Za ki ga nama yana juyawa a jikin ƙarfe sak shawarma, suna ce masa giros, ƙamshi kamar ya ja ki da hannu. A Girka yawancinsa alade ne. Tsirensu ma, sublaki, in ba a ce komai ba alade ne. Akwai na kaza, amma sau da yawa tukuba ɗaya, wuƙa ɗaya, har gurasar a kan ƙarfe ɗaya ake ɗumamawa. Ki haddace kalmomin nan: hirino alade, kotopulo kaza, arni rago, moshari naman sa, psari kifi, krasi giyar inabi, horis kuma ma'anarsa babu. Horis hirino, horis krasi. Ko musaka da ake yi da yalo da niƙaƙƙen nama ki tambaya, wasu suna gauraya naman, wasu kuma suna ɗiga giya a miyar.

Auwal: Ni fa na ci na kaza, Anti. Ai Ahlul Kitabi ne, aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincinsu.

Malam Tanko: Auwalu, ayar gaskiya ce, amma malamai sun yi magana a kan yadda ake yankan a mayankar zamani, akwai masu sassautawa akwai masu tsanantawa. Ko ka bi masu sassaucin, ba su ce ka ci kazar da ta sha kitsen alade a tukuba ɗaya ba. Wannan ba saɓani a ciki.

Auwal: Na karɓi gyara, Malam. Wallahi ban duba tukubar ba.

Baffa Sani: Ni mako guda ba nama bai taɓa kashe ni ba. Kuma Allah ya taimake ku, Girkawa mabiya cocin Otodoks suna da azumi mai yawa a shekara da ba sa cin nama, saboda haka sun iya girkin ganye da wake. In kin ce nistisimo, wato abincin azumi, kowane mai girki ya gane. Akwai gemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa aka gasa. Akwai gigantes, manyan wake a miyar tumatir. Akwai haɗin tumatir da kokwamba da albasa da zaitun, a ɗora masa guntun cukun feta, a kwarara man zaitun. Amma wanda ya sa na yi dariya ni kaɗai a tebur shi ne pitarudiya, abincin Rodos na gado. Wani wake ne mai kama da gujjiya ake niƙawa, a sa albasa da na'ana'a da tumatir, a soya a mai. Ƙosai ne, 'yata, ƙosai da fasfo. Sannan melekuni, riɗi da zuma, wanda suke rabawa a bikin aure da na baftisma. Kantu ne tsaf, sai dai zuma a madadin sukari, da ɗan ƙamshin ɓawon lemo.

Hajiya Binta: Alhaji Sani ka gama da ni, ƙosai da fasfo! To yaji fa? Ni duk inda ba yaji ban ci abinci ba.

Baffa Sani: Hajiya, babu. Ku tafi da naku a ɗan kwalba. Kilishi kuma a bar shi a gida, doka ta hana shiga da nama Tarayyar Turai daga waje, za a ƙwace a filin jirgi.

Isufu Ɗan Damagaram: Kifi ne mafita, amma ku ji abin da ya same ni. Mun zauna a wani gidan abinci a bakin ruwa, na ga kuɗin kifi a takarda na ce ba laifi. Ashe kuɗin kilo ne, ba na faranti ba. Aka kawo mana wani ƙaton kifi, muka ci muka yi hamdala, da takardar kuɗi ta zo sai da na cire tabarau na goge. Ba su cuce ni ba, a rubuce yake, ni ne ban karanta ƙananan haruffa ba. Al'adarsu ita ce ka tashi ka je ka zaɓi kifin da kanka, a auna a gabanka, a gaya maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Ba abin kunya ba ne, haka 'yan gari ke yi. Burodin da ake ajiyewa a tebur ma akwai ɗan kuɗinsa. Sannan in kun gama, mai gida yakan kawo kyauta: wani lokaci kankana ko zaƙi, wani lokaci ɗan ƙaramin kofi mai ruwa fari tas. Ba ruwa ba ne, barasa ce, uzo ko suma. Ku dafa ƙirji ku ce efharisto, wato na gode, ku mayar.

Maman Hanif: Innalillahi, da na kurɓa kuwa. Halittun ruwan nan masu ƙafafu da yawa da nake gani an shanya a igiya fa, ana ci?

Malam Tanko: A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, kuma Turkawa Hanafawa ne, kada ki yi mamaki in wani a can ya ce miki a'a. Sauran kuma tsakaninki da zuciyarki, ni dai ko an biya ni ba zan ci ba.

Hajiya Binta: Ku bar ni da ɓangarena, kasuwa. Ɗiyata, na je daga Istanbul bayan na gama sarin kaya, kuma gaskiya ɗaya ce: Rodos ba wurin sari ba ne. Layin Sokratus, wanda ya miƙe har jan masallacin nan, shaguna ne dama da hagu har kusan tsakar dare, amma rabin kayan irin wanda za ki gani ne a kowace kasuwar baƙi, an buga sunan gari a jiki kawai. Gwal ɗinsu akwai aiki mai kyau, sai dai yawanci karat 14 ne ko 18. Mu da muka saba da 21 da 22 na Dubai da Makka, ranar da kika tashi sayarwa a Kano za ki yi kuka. Abin da ya cancanci kuɗinki: zuma, man zaitun, sabulun zaitun, soson teku na gaske da ake kawowa daga tsibiran Simi da Kalimnos, farantan ado masu zanen barewa, da melekunin da Alhaji ya faɗa. Takalman fata ma ba laifi, amma wadda ta san 'yan dukawa ba za ta ruɗe ba. Kuma ba a tayi irin na Kantin Kwari. In kin sayi da yawa ki nemi ragi da fara'a, za a ɗan rage, in kika raba kuɗin biyu sai a ɗauke kai.

Anti Rabi: Hajiya, ki gaya mata zancen shuɗin idon nan.

Hajiya Binta: Af, na manta. Akwai wani shuɗin dutse mai kamar ƙwayar ido, mati suke ce masa, yana jikin sarƙa, awarwaro, maƙalin mabuɗi, har tawul. Layarsu ce ta maganin kambun baka. Na sayo wa jikokina awarwaro ban sani ba, sai da malamin Islamiyyarsu ya aiko. Ki duba kaya kafin ki biya. Zuma da mai kuma a babbar jaka, in kika sa a ta hannu za a karɓe tun da sun wuce mililita 100. Ki riƙa karɓar rasit, dokarsu ma ta ce in ba a ba ka ba, ba dole ka biya ba, za ki ga an manna sanarwar a shaguna.

Maman Hanif: Allah ya bar zumunci. To a ina za mu sauka, kuma wane wata?

Baffa Sani: Gabas, ba yamma ba. A Yuli da Agusta akwai iskar arewa da suke kira meltemi, ɓangaren yamma irin su Iksiya da Iyalisos take duka, ruwan da igiya, gaɓar kuma tsakuwa, sai masu wasan allo da iska. Gabas ruwan a kwance yake. Tsambika rairayi ne mai laushi, ruwan ba zurfi, ya dace da wanda bai iya iyo ba, amma yana cika. Afandu da Genadi dogaye ne, tsakuwa ce, za ku yi tafiyar minti biyar ku sami inda ba kowa kusa da ku. Ku sayi takalmin roba na shiga ruwa. Wata kuma, rabin Satumba zuwa farkon Oktoba: yaran Turai sun koma makaranta, ruwa da ɗumi, kuɗin ɗaki ya sauko. Yuli zafi ne na gaske, a Yulin 2023 ne gobarar daji ta ci kudu maso gabashin tsibirin har aka kwashe dubban mutane daga wajen Kiyotari da Genadi.

Anti Rabi: Ni da ni ce, kwana uku a tsohon gari, huɗu a wajen Lindos. Lindos ne ke da fararen gidajen da kike so, a gindin dutse, da tsohuwar ganuwa a sama. Kamar kilomita 50 ne daga birni, akwai bas. Da dare ana cin abinci a saman soraye, ga dutsen an haska shi. Ku hau da sassafe, da ƙafa. Akwai jakuna na haya, amma ni tausayinsu nake ji a wannan rana. Gadajen kwanciya da laima na bakin teku na kuɗi ne, ki tambayi farashi kafin ki zauna. Ba dole ba ne kuma. Bakin teku na kowa ne a dokarsu, 'yan ƙasar sun yi ta zanga-zanga a 2023 kan masu mamaye shi, har aka yi doka a 2024 cewa kashi 70 cikin ɗari a bar shi fili. Ki shimfiɗa tabarmarki abinki.

Auwal: Ba wanda ya yi maganar banɗaki. Ba buta, ba famfon tsarki, kuma takarda ba a jefa ta a masai, akwai ɗan kwando a gefe saboda bututunsu ƙanana ne. Anti ki sa buta a jaka.

Hajiya Binta: Auwalu, Bahaushiya ake tunawa da buta?

Isufu Ɗan Damagaram: Abu biyu na kuɗi da takarda. Otal zai karɓi harajin kwana daban a hannu, ba ya cikin abin da kuka biya a intanet, kuma yana hawa da yawan taurarin otal ɗin. Na biyu, za ku ga ana tallan jirgin ruwa zuwa Marmaris a Turkiyya, awa ɗaya ne kacal, a je a dawo a yini. Wannan fita ce daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, har da Girka. In bizarku ta shiga sau ɗaya ce, kun fita ke nan, ba dawowa, ga kayanku a otal. Kuma Turkiyya tana da tata bizar. In kuna son hawa ruwa ku je Simi, cikin Girka take.

Maman Hanif: Wannan ita ce maganar da zan fara kai wa Baban Hanif, don tun jiya yake cewa mu haɗa da Turkiyya. Bizar ma ba mu nema ba tukuna.

Baffa Sani: To ku fara da ita kafin tikiti. Yuro 90 ne kuɗinta kowane mutum, ban da inshorar lafiya, kuma in an hana ba a mayarwa. Ku kama ɗakin da ake iya sokewa. Jirgi kuma ba kai tsaye, sai kun bi ta Alƙahira ko Istanbul ko Adis Ababa zuwa Atina, babban birnin Girka, daga nan awa ɗaya zuwa Rodos.

Malam Tanko: Ni har yanzu ina kan bakana, da ni aka tambaya da ba a je ba. Amma tun da an ƙudura, a riƙe salla a kan lokaci, agogonsu yana gaban namu da awa biyu a wannan lokacin, kada a ruɗe. Maman Hanif, in kun shiga ɗakin karatun nan, ki ɗauko mini hoton rubutun, ina so in ga ko warash ne ko hafsi.

Maman Hanif: In sha Allahu, Malam, in sun bari a ɗauka. Anti Rabi, zan biyo ki ta akwatin saƙo, ki nuna mini irin rigar iyon da kika saya da inda ake samun babban lamba.